Kalmar da Aka Ja wa Layi Biyu

Takardar ta iso Kalfu ranar Alhamis, cikin kakar shekarar 1964, ana tsakiyar ɗaurin gero. Ba ta gidan waya ta biyo ba. Wani mai fataucin goro ne ya ɗauko ta daga Kumashi, ya ba wani a Ƙonni, shi kuma ya ba wani mai jaki da zai ratsa ta Kalfu. Na ƙarshen nan bai san komai a kanta ba sai cewa daga Gana ta fito, an dai ce masa ya kai gidan Ma'azu ya ba uwar Isufu.

Hadiza, uwar Isufun, tana tsakar gida tana dunƙula gabun ganyen albasa da za ta kai kasuwa. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Isufu shi kaɗai ne namiji cikin ƴaƴanta biyar, kuma shekara uku ke nan yana ƙasar Gana yana dako a wani wurin saran katako. Da can ba a yin wata uku ba a ga wani ya zo da saƙonsa na baki ba, wani lokaci har da turmin atamfa. Yanzu wata bakwai ke nan shiru. Kuma bai taɓa aiko da takarda ba, don bai iya rubutu ba.

Ta buɗe. Rubutun boko ne da shuɗin alƙalami, ya cika shafi guda. Can wajen tsakiya akwai wata kalma da aka ja wa layi biyu a ƙasa, an danna alƙalamin har ya kusa huda takardar.

Ta bi mijinta gona da ita. Ma'azu ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mata.

"Ki aje ta sai Lahadi, in kin tahi Tawa a karanta miki," in ji shi. Sai kuma ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Kuma kar ki nuna ma kowa nan garin."

Ta san dalilinsa. A ƴan makonnin nan labari ya cika ƙasa cewa wasu ƴan jam'iyyar da gwamnati ta haramta sun ƙetaro iyaka da bindigogi, kuma ana cewa daga Gana suka taso. Ana ta kame. Duk gidan da ke da ɗa a Gana, in an ji ƙarar mota sai kowa ya yi tsit.

Kwana ukun nan Hadiza ba ta iya zama ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta je rijiya alhali randuna cike suke. In ta fara daka sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ta taɓa ƙullin da ke bakin zanenta ta ji ko takardar na nan.

Ranar Lahadi ta isa Tawa da hantsi, ta bar kwandon gabunta wajen wata maƙwabciya a kasuwa, ta nufi gidan waya. A gindin wata bishiya daga gefe akwai Mushe Ciɗo, wato Malam Ciɗo da Faransanci, wanda ya taɓa koyarwa a lakwal, makarantar boko, yanzu yake rubuta wa mutane takardu yana karanta musu. Ta jira har mutum biyu suka tashi, sannan ta durƙusa kusa da teburinsa.

Ciɗo ya gyara tabarau ya duba. "Inna, wannan ba Faransanci ba ne, Ingilishi ne. Ban iya shi ba."

"Ko kaɗan, Mushe?"

"Akwai kalmomin da sunka yi kama da namu. Bari in gani." Ya bi layin da yatsa. "Ga sunan Isufu. Ga Kumashi. Wannan kuma gidan likita ne, ba shakka." Yatsan ya kai kan kalmar mai layi biyu ya tsaya. Ya cire tabarau, ya ninke takardar da sauri, ya tura mata ta ƙarƙashin teburi.

"Mi anka ce? Ya mutu?"

"Bai mutu ba, ina jin. Amma ki saurara. An rubuta rallied. Mu da Faransanci muna da rallié, kusan harufa ɗaya. Shi ne mutumin da ya bar ɓangarensa ya shiga na wasu. Ya bi su ke nan."

"Ya bi wa?"

"Inna, wa ake bi a Gana yanzu? Ga shi kuma shina gidan likita. Wataƙila wajen koyon bindiga ya ji ciwo. Ni ban ga takardar nan ba, ke ma ba ki zo nan ba. Ki sa ta wuta."

Amma Hadiza ba ta tashi ba. Ta ce ya maimaita mata kalmar yadda ake faɗinta. Ya faɗa sau biyu a hankali, don dai ta tafi. Ta tashi tana nanata ta a baki, ralid, ralid, kamar mai gudun manta sunan magani.

Ba ta koma kasuwa ba, tasha ta nufa. Ta san wani direba, Attahir, wanda ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Kumashi da arewa kafin ya dawo gida. Ta same shi a ƙarƙashin babbar motarsa yana ɗaure wani ƙarfe. Ta kira shi gefe, ta ce ta ji wata kalma ce a bakin wani, tana son sanin ma'anarta.

"Rali?" Attahir ya goge hannu da tsumma. "Ai wannan kowa ya san ta can. Taron jam'iyya ne. In anka ce yau akwai rali, sai ki ga tutoci, ana kiɗa, manya na jawabi. Mu har ɗaukar mutane muke yi zuwa wurin." Ya dube ta da kyau. "Inna, a bakin wa kinka ji ta?"

Mutum biyu ke nan, kuma bakinsu ya zo kusan ɗaya. Ta juya za ta tafi, sai ta dawo.

"Kai ka iya karatunsa?"

"A'a, a kunne na tsince shi. In karatu kike so, mutum ɗaya na sani duk ƙasar nan wanda ba ma'aikacin gwamnati ba. Wani tsoho ne a Tebaram, Alƙasum. Ya daɗe Gana ƙwarai. Ban san ko idonsa na gani har yanzu ba."

Ta sayar da gabun a yadda aka taya, ta koma Kalfu. Washegari da safe, bayan ƴan matan sun tafi rijiya, ta faɗa wa Ma'azu duk abin da ta ji. Ya ajiye ƙwaryar furarsa, ya miƙa hannu.

"Kawo ta."

"Ba ni ba ka, Malam."

"Mutum biyu sun gaya miki. Mi kike jira? Sai sun zo sun kwashe mu da ni da ke da yaran nan? An tahi da wani a ƙauyen gabas saboda ƙanensa, har yau ba a san inda shike ba."

"Kalma ɗaya sunka karanta. Takardar shahi guda ce. Sauran fa?"

"Kalma ɗayar ita anka ja ma layi!"

Ya tashi yana kai da kawowa tsakanin rumbu da bakin zaure. Ma'azu ba mugun mutum ba ne, amma tsoro ya riga ya shige shi. Ya ce abin da ya fi shi ne ya je wurin mai gari da kansa, ya faɗa masa cewa ɗansa ya ɓata, shi babu hannunsa, tun kafin wani ya riga shi kai maganar.

"Ka ba ni zuwa Juma'a," in ji Hadiza. "In tahi Tebaram in dawo. In tsohon nan ya hwaɗi abin da sunka hwaɗa, ni da kaina zan raka ka."

Ya ce to.

Ta kama hanya a ranar. Ta kwana Tawa gidan wata ƴar'uwarta, da safe ta sami motar da za ta yi yamma da buhunan gishiri. Motar ta kafe cikin rairayi sau biyu. Duk lokacin da aka ce a sauka, sauran fasinjoji sukan nemi inuwa su zauna, ita kuwa sai ta yi gaba da ƙafa, motar ta cim mata. Wata mata ta tambaye ta ko rasuwa aka yi mata. Ta ce ba ta sani ba tukuna.

Sai bayan la'asar ta sami gidan Alƙasum, a ƙarshen gari wajen da ake ɗaure raƙuma. Tsoho ne dogo siriri, da rawani ya rufe masa haɓa, yana zaune a kan tabarma yana tufka igiya. Bayan gaisuwa ta tsaya tana jujjuya magana, don ba ta san ko za ta amince da shi ba.

"Ɗiyata, kin taho daga nesa, kuma hannunki bai bar bakin zanenki ba tun da kinka zauna," in ji shi. "Takarda ce? Kawo. Shekara goma sha tara na yi ina ɗaukar marasa lahiya a wani asibitin mishan can. Na karanta ma mutane takardu masu daɗi da marasa daɗi, ban taɓa kai maganar kowa gaba ba."

Ta ba shi. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, sannan ya tashi ya fita inda rana ke bugawa sosai. Ya daɗe yana motsa leɓe. Hadiza ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Baba, kalmar can mai layi. Ita nike son ji."

"Za mu kai gare ta. Daga sama ake hwara takarda." Ya ɗora yatsa a layin farko. "Wata sista ce ta rubuto, mai kula da ɗakin maza. Ta ce ɗanki Isufu ne ya roƙe ta. Wata huɗu da sunka wuce, gungumen icce ya suɓuce daga mota ya danne shi. Ya karya mishi cinya da haƙarƙari uku."

Hadiza ta dafe ƙirji.

"Tsaya, da sauran. An ɗora shi, sai zazzaɓi mai tsanani ya kama shi. Kwana takwas bai san wanda ke kansa ba. Ta ce sun hidda rai, har sun aika a nemo limamin zango. Ran na tara da sahe..." Tsohon ya yi dariya, ya buga takardar da bayan yatsa. "Ga kalmarki. Ran na tara ya buɗe ido ya ce a ba shi ruwa, ya kuma tambaya ko akwai koko. He rallied. Ya hwarhwaɗo, ƙarhinsa ya hwara dawowa. Murna ce ta sa ta ja layin."

"Ba jam'iyya ba?"

"Wace jam'iyya?"

Ta faɗa masa abin da Ciɗo ya ce da abin da Attahir ya ce. Alƙasum ya koma kan tabarma ya zauna, ya girgiza kai.

"Direban bai yi ƙarya ba. Taro ma haka suke ce mishi. Amma ni a bakin gado na koyi kalmar nan. In mutum ya yi nisa, an hwara kallon ƙohwa, sai kuma a ga ya juyo, to ita likita ke hwaɗi. Ba ta nuhin ya warke, a'a. Tana nuhin ya bar gangarawa, ya hwara hawa. Na ji ta a hilin ƙwallo, in an ci ƴan wasa biyu sun karaya, sai kuma su taso. Na ji ta a bakin manoman koko, in kuɗinsa ya hwaɗi ya sake tashi. Duk abu ɗaya ne in kin lura: abin da ya watse ne ya taru. Can mutane ne ke taruwa, nan kuma ƙarhin ɗanki ne. Shi kuma malamin lakwal, ya ga baƙuwa mai kama da ƴar garinsu ya kira ta da sunan waccan."

Hadiza ta rufe fuska da gyale. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta dai suka yi ta rawa. Tsohon ya bar ta har ta natsu, sannan ya ƙarasa mata. Sistar ta ce Isufu ya fara takawa da sanda, amma ƙafar ta gajarce, dako ya ƙare masa. In ya ƙara ƙarfi za su sa shi a mota ya dawo gida. Ya ce a gaida innarsa da babansa, a ce kada su damu.

Matar Alƙasum ta kawo mata nono da tuwo, ta ci kaɗan. Tana son ta juya a lokacin, amma babu mota sai gobe. Da safe ta riga kowa zuwa bakin hanya.

Ta shiga Kalfu ranar Alhamis da azahar, tana sauri, maganar na cike da bakinta. Ta tarar da Ma'azu zaune a zaure, bai je gona ba. Da ta gama faɗa masa, bai ce alhamdulillahi ba. Ya sunkuyar da kai.

"Na je jiya," in ji shi.

"Ka je ina?"

"Wurin mai gari. Mai jakin nan ya baza cewa ya kawo muna takarda daga Gana. Mutum uku sunka tambaye ni a masallaci. Na kasa jira."

"Mi ka ce mishi?"

"Abin da anka gaya miki. Ya aika Tawa tun jiya."

Hadiza ta tsaya tana kallonsa. Tana da maganganu da yawa, amma ta ga babu lokacinsu. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce gidan mai gari. Mai gari ya saurare ta, ya ce saƙo ya riga ya tafi, ba shi da ikon dawo da shi, sai dai su je can su yi bayani da kansu kafin a zo neman su.

Washegari ita da Ma'azu suka tafi Tawa, suka kai kansu ofishin da aka aika saƙon. Aka karɓi takardar, aka ce su zauna a baranda. Suka zauna yinin Juma'a, aka ce su dawo. Suka dawo Asabar. Wani ma'aikaci mai gajeren wando ya kira Ma'azu ciki sau uku, yana yi masa tambaya ɗaya: in ɗansa bai shiga komai ba, me ya sa shi uban da kansa ya ce ya shiga? A karo na uku Hadiza ta bi shi ciki ba tare da an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, tsoro ne ya sa shi," in ji ta. "Mu ba mu iya karatu ba. Kalma ɗaya anka karanta muna, anka karanta ta ba daidai ba. Ku kuna da masu ilimi. A ba wanda ya iya Ingilishi ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, in ƙarya nike yi ku riƙe ni."

Ya tambaye ta wa ya fara karanta musu. Ta ce wani ne a kasuwa, ba ta san sunansa ba. Ya dube ta jim kaɗan, bai matsa ba. Aka aika takardar wurin wani Bature da ke koyar da Ingilishi a makarantar gari. Ranar Litinin ta dawo da fassarar Faransanci a maƙale. Ma'aikacin ya karanta, ya ja tsaki, ya ce su tafi. Takardar dai bai mayar musu ba, ya ce za ta zauna cikin fayil, kuma in yaron ya dawo a kawo shi.

A hanyar komawa, da suka hango rumbunan Kalfu, Ma'azu ya ce, "In ya dawo, kar ki gaya mishi."

"Ni ba ni gaya mishi. Amma garin ga duka sun sani."

Isufu ya dawo bayan wata huɗu, ana tsakiyar rani. Ya rame, yana ɗingishi da sanda, da ƴar jaka guda a kafaɗa. Aka kai shi Tawa kamar yadda aka ce, ya kwana biyu can ana yi masa tambayoyi, suka duba tabon cinyarsa, suka sake shi. Kafin mako ya zagayo wani ya ba shi labarin abin da babansa ya yi. Bai tayar da maganar ba. Yana gaishe shi da safe, yana gaishe shi da yamma, amma ya daina cin abinci a akushi ɗaya da shi, sai ya ɗauki nasa ya koma gindin rumbu.

Hadiza ta sa ido har Babbar Salla ta wuce. Ran nan ta ga Ma'azu ya fita tun da sassafe da jaki, ya dawo da itatuwa da zana. Ya kafa rumfa a bakin hanya, inda masu zuwa kasuwar Tawa ke wucewa, ya sayar da tunkiyarsa guda ya sayo goro da sukari da ashana, ya jera a kan tebur. Bai faɗa wa kowa ko don wa ya kafa ta ba. Rumfar ta yi kwana uku babu kowa a ciki. Rana ta huɗu Isufu ya ɗauki sandarsa ya je ya zauna, ya fara jera goron yadda ya ga ana yi a Kumashi, manya daban, ƙanana daban. Da azahar Ma'azu ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin rumfar, ya ce a ba shi goro ɗaya. Isufu ya zaɓi fari babba ya miƙa masa, ya matsa gefe a kan benci.